Gabas a Cikin Kwamfuta

Kujera ɗaya ce ta rage a ofishin Madam Béatrice, masu koyo kuwa su biyu ne. Ba ta ɓoye musu ba. Tun ranar da suka zo ta ce in wata ya ƙare za ta riƙe ɗaya, ɗayan ya kama gabansa. Nadine ta yi murmushi. Muhaimin ya kalli tayil.

Shi ya san inda gabansa yake. Kwata ce, inda yayyensa suke fiɗa tun asuba. Ya zauna jarrabawar bak, ta gama lise, wato sakandare, ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, a gida aka daina maganar makaranta. Kawunsa, Alhaji Wada, shi ya tsaya masa. Dillalin shanu ne, kuma shi ke jagorantar fataken da suka haɗa kai za su gina masaukin baƙi kusa da kasuwar shanu ta Adumri. Da ya kawo wa ofishin Madam aikin zanen ruwa da wuta da iska na ginin, sai ya haɗa mata da yaron, kamar yadda mahauci ke ɗora wa mai saye 'yar tsoka a kan kilo. Muhaimin ya san shi gyara ne. Kowa ma a ofishin ya sani.

Abin da ake koyo a wurin sunansa BIM. Bai taɓa tambayar ma'anar haruffan ba. Abin da ya gane shi ne, ana gina gida a cikin kwamfuta kafin a gina shi a ƙasa. Bango a ciki bango ne, ba layi ba. Bututu ya san shi bututu ne, ya san kaurinsa, ya san inda ruwa zai bi. Wannan gida na cikin kwamfuta suna kiransa maket. Guda ɗaya ne tak, yana zaune a wata na'ura ƙarƙashin teburin Maxime. Kowa ya ɗebi nasa ɓangaren ya yi aiki, in ya gama ya danna maɓalli, aikinsa ya zuba cikin na kowa.

Maxime shi ne babban ma'aikaci, masu koyo na kiransa Grand, wato babba, shi kuma yana kiran Muhaimin petit, wato ƙarami. Ɗan Mokolo ne, ya koyi Hausa a kasuwa yana taya uwarsa sayar da dankali, saboda haka Hausarsa ba ta san kara ba. Shi ya raba musu aiki: Nadine wuta, Muhaimin ruwa.

Ranar farko Muhaimin ya ja bututu, bututu ya ɓace. Ya sake ja, ya sake ɓacewa. Ya yi ta ja har ya gaji, bai ce wa kowa komai ba. Da Maxime ya zo ya juya ginin a fuskar kwamfuta don a gan shi ta gefe, sai ga su duka a sama, can saman rufi, a jere a iska.

“Balbelu za ka ba ruwa?” in ji Nadine.

“Bar shi,” in ji Maxime. “Petit, kafin ka ja komai, duba hawa na nawa kake. Kana ƙasa ko kana sama?”

“Ina ƙasa.”

“Kai kana ƙasa. Bututunka yana sama. Ba ku haɗu ba.”

Muhaimin ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Abu ɗaya ne, amma ka kalle shi ta sama ya zama da'ira, ka kalle shi ta gefe ya zama sanda, ka yanka ginin ka leƙa ciki ya ƙi fitowa sam. Saƙonni suna faɗo masa da Faransancin da bai yi kama da na lise ba. Yakan karanta layin farko, ya danna, ya wuce. Ranar da ya yi nasarar haɗa bututun ruwan datti daga wurin wanka zuwa waje, Maxime ya tsaya a bayansa yana cin gyaɗa.

“Ina ruwan nan zai je?”

“Rami.”

“Ramin yana sama da ɗakin?”

Muhaimin ya duba. Gangaren ya juye.

“Ko a Mokolo, inda akuya ke hawan dutse, ƙazanta ba ta hawa tudu. Sake.”

Ya sake. Aka ɗauke wuta kafin ya ajiye aikin. Zafin Garwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya zauna tare da su har mai gadi ya tada janareta. Ya sake kuma.

Nadine ba ta da irin wannan matsala, ko kuwa tana da ita amma bakinta na warware mata. Komai sai ta tambaya. Grand, wannan fa? Madam, me ya sa ya yi ja? Wani lokaci tambayar wauta ce, a yi mata dariya, ta yi tare da su, ta sake wata. Muhaimin yakan ji kunya a madadinta.

A gida uwarsa ta tambaye shi me yake yi a can. Ya ce zane. Yayansa Tanimu ya ce, “Injiniya ke nan,” ya miƙo masa kwanon tuwo da hannu biyu, kamar mai ba babban baƙo. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Wata ya yi nisa lokacin da Maxime ya ba shi ban-ɗakuna. Jere biyu ne, na ƙasa da na sama, duka na tsuguno. An riga an dasa kowane masai a wurinsa. Aikinsa ya haɗa su da babban bututu mai zuwa rami, da gangare daidai, ba tare da ya fasa ginshiƙi ko ya taka wayoyin Nadine ba.

“In ka yi wannan da kyau, zan faɗa wa Madam,” in ji Maxime. “In ka ɓata, shi ma zan faɗa mata.”

Muhaimin ya buɗe zanen hawan ƙasa, ya matso da shi kusa. Ga masai na farko, ga takun ƙafa biyu, ga rami a baya. Ya bi takun ƙafar da ido. Wanda ya tsuguna a nan, hannun dama na fuskar kwamfuta zai kalla. Ya duba na biyu. Haka. Na uku, haka. Ya hau sama. Duka haka.

Hannunsa ya sauka daga kan tebur.

A lise darasi ɗaya ne bai taɓa faɗuwa ba, labarin ƙasa. Malaminsu yakan buga rula a allo: saman taswira arewa, hannun dama gabas. Ko a barci aka tashe shi zai faɗa. To ga shi nan. Masai na kallon gabas, jere biyu, a gidan da alhazai za su kwana.

Tun yana ƙarami ya sha ranƙwashi a kan wannan. Ba a fuskantar alƙibla, ba a ba ta baya. Ko yaron da bai iya tsarki ba ya sani. Amma mai zanen ginin yana Yawunde, Madam da Maxime da Nadine coci suke zuwa. Ina za su sani? Ya ga fatake suna fitowa daga makewayi suna tofar da yawu. Ya ji ana cewa, ai ɗan 'yar'uwar Alhaji Wada yana ofishin aka yi wannan.

Ya juya kujerarsa.

“Grand.”

“Hm?” Maxime bai ɗago ba.

“Ban-ɗakunan nan...”

“Me ya same su?” Nadine ce ta karɓe. “Sun yi maka kaɗan? A ƙara maka faɗi?”

Maxime ya yi dariya ta hanci. “Ina jin ka, petit.”

“Ba komai. Na gani.”

Da rana ya je ƙofar Madam. Tana zaune da tabarau a goshi tana cin soyayyar ayaba daga leda. Sa'ar uwarsa ce, har ma ta ɗan girme ta. Ya tsaya yana shirya maganar a ransa. Ta ina zai fara? Madam, in mutum ya tsuguna. Harshensa ya ƙi. Ba a yi masa tarbiyyar da zai tsaya gaban babbar mace yana kwatanta tsuguno ba. Ga kuma ɗaya gefen: yaron da aka ɗora mata gyara, bai gama sanin sama da ƙasa ba, ya zo yana koya mata addini a ofishinta.

“Oui, Muhaimin?”

“Zan je salla, Madam.”

“Tun yaushe kake neman izini? Je ka.”

A masallacin bakin titi ya yanke shawara. Gyara ba ya bukatar shela. Zai juya su, ya haɗa bututun, kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya.

Washegari da tsakar rana, da suka fita cin abinci, ya zaɓi masai na farko ya juya shi. Yanzu yana kallon saman fuskar kwamfuta. Arewa. Ɗakin kusan murabba'i ne, ya shiga, ko da yake ƙofa ta koma gefen mai tsuguno. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Saƙonni suka yi ta faɗowa, ya yi ta kore su. Da ya gama ya danna maɓallin nan, aikinsa ya zuba cikin na kowa. Ya ji wani sanyi a ƙirji, irin na wanda ya kawar da ƙaya daga hanya ba wanda ya gan shi.

Sanyin bai daɗe ba. Da ramukan suka canza wuri, hanyar da aka bar wa bututu a ƙarƙashin bene ta daina amfani. Manhajar tana da wani wuri da take nuna duk inda abu ya yi karo da abu. Ya buɗe, ginin ya yi ja kamar kwata da hantsi. Bututu ya huda ginshiƙi. Bututu ya bi ta cikin wayoyin Nadine. Wani ya fito ta tsakiyar silin ɗin ɗakin baƙi.

Bai tambayi kowa ba, domin tambaya za ta kai ga dalili. Ya zauna da su shi kaɗai. Ya karkata wannan, ya sauke wancan, gangare ya lalace, ya koma farko. Dole ta sa ya koyi yanka ginin a inda yake so. Dole ta sa ya fara karanta saƙonnin har ƙarshe. Ya daina fita cin abinci. Idanunsa suka yi ja. A kan mashin da yamma, in ya ga bututun famfo a jikin bangon wani gida, sai ya kama kansa yana bin sa da ido don ya ga inda ya shiga.

Ja ya yi ta raguwa, har ranar da ya buɗe bai ga ko ɗaya ba.

Maxime ya zo dubawa. Ta ƙarƙashin bene ya leƙa, inda bututu suke, bai hau sama ya kalli masai ba.

“Me ya sa suke kwana-kwana haka kamar hanyar Rey Bouba da damina?”

“Ginshiƙai ne.”

Maxime ya bi gangaren ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin kamawa. Bai samu ba. Ya daki bayan kujerar.

“Pas mal, ba laifi. Nadine, zo ki ga mahaucinki ya fara iya wa hanji.”

Nadine ta leƙo, ta taɓe baki, ta koma. A ranar ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Muhaimin ya lura. Ya koma gida ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare Alhaji Wada ya zo ganin gidansa. Ya taho da wani tsohon bafatake, Arɗo Sali, wanda ya cire takalmi a ƙofar ofis, sai da Maxime ya roƙe shi ya mayar. Aka jera musu kujeru gaban babban talabijin da aka haɗa da kwamfuta.

“Jam na, Madam?”

“Jam, Alhaji.”

Suka gaisa da Fulatanci, suka koma Hausa, domin Alhaji in maganar aiki ce da ita yake jin daɗi. Muhaimin ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya koma bango ya tsaya kusa da Nadine.

Maxime ya shigar da su ta ƙofar gida. Suka bi baranda, suka leƙa ɗakuna, fanka na rataye, fitilu a jere.

“Ikon Allah,” in ji Arɗo Sali. “Gida ba siminti. A nan za mu kwana, Alhaji, ya fi arha.”

Alhaji ya yi dariya. Ya tambayi tankin ruwa, aka nuna masa. Ya tambayi famfon cika buta, ko an sauke shi ƙasa yadda ya ce. An sauke. Ya ce a shiga makewayi ya gani. Maxime ya tura ƙofa.

“Wannan aikin ɗanku ne,” in ji Madam. “Bututun duka shi ya ja.”

Alhaji ya waiwayo ya dubi Muhaimin, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya mayar da ido ga talabijin.

“Tsaya. Wanda ya tsuguna nan, ina ya dosa?”

“Kudu, Alhaji,” in ji Madam. “Kun faɗa wa mai zane, shi kuma ya faɗa mana. Na duba da kaina tun farkon aiki. Ba yau na fara gini a Arewa ba.”

Kudu? Muhaimin ya ɗaga kai. Arewa ne. Shi ya juya su da hannunsa. Kuma in ta duba tun farko, me ta gani? Ta san da maganar ke nan?

“A'a,” in ji Alhaji. “Ƙofar gidan nan titi take kallo. Titi kuwa kudu yake da filin, ni na sayi filin. Mun shigo ta can, muka juya nan. Wannan ba titi yake kallo ba.”

“Maxime, fito da mu sama. Sa mana arewa ta gaskiya.”

Muhaimin bai taɓa jin akwai arewa ta gaskiya da wadda ba ta gaskiya ba. Maxime ya koma zanen da ake gani ta sama, wanda Muhaimin ya shafe kwanaki yana kallo. Ya danna wani abu a gefe. Ginin gaba ɗaya ya juya. Abin da ke sama ya koma hannun dama. Ƙofar gida, da ke dama, ta sauko ƙasa.

“Filin dogo ne,” Maxime yana yi wa Arɗo Sali bayani, “sai mai zane ya kwantar da ginin don ya shiga takarda. Haka muke aiki a kansa. Amma a ƙasa, ga yadda yake tsaye. Nan arewa, nan...”

Ya matso da ban-ɗakunan kusa.

Takun ƙafa biyu, rami a baya. Suna kallon hannun dama. Jere guda, duka.

Muhaimin ya ji kamar shi ne aka juya. Ya nemi kamawa a ransa. Dama gabas ce. To da ma dama suke kallo, shi ya sa ya juya su. Ya juya su sama. Yanzu sama ta zama dama. Wancan dama ɗin fa, na farko? Ya koma ƙasa. Ƙasa kudu. Ya sake bi daga farko, ya sake isowa wuri ɗaya.

“Innalillahi,” in ji Alhaji Wada. “Madam! Gabas fa ke nan.”

Madam ta sauke tabarau daga goshi ta sa. Ta matsa kusa da talabijin.

Alhaji ya ci gaba: “Na faɗa, na sake faɗa. Abu ɗaya na roƙa a gidan nan, ɗaya! Da an zuba kankare fa? Mutanen da suka ba ni amana, in ce musu me? In ce kwamfuta ce?”

“Alhaji, a yi haƙuri, ba haka muka...”

“Ba na ce da gangan ba ne. Ba addininku ba ne, ban ɗora muku ba. Amma ga yaro na kawo muku.” Ya nuna bango ba tare da ya waiwaya ba. “Musulmi, ɗan musulmi, yana zaune da ku kullum. Me zai hana ku tambaye shi? Da kun ce, Muhaimin, zo ka duba mana, da ba a kai nan ba.”

Maxime ya ɗora alamar linzamin kwamfuta a kan masai ɗaya. Wani ɗan akwati ya fito, irin wanda ke nuna wanda ya taɓa abu a ƙarshe. Sunan bai daɗe ba, Maxime ya janye hannunsa da sauri. Amma Nadine ta gani. Ta dubi Muhaimin ta gefen ido, ta mayar da kai ƙasa. Madam tana fuskantar Alhaji, ba ta gani ba.

“Laifin ofis ne,” in ji Maxime. “Ni ke duba aiki. Za mu gyara yau.”

Da Muhaimin ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka, aƙalla har kawunsa ya tafi. Ya san da wannan.

“Kawu.”

“Bari, ba da kai nake ba.”

“Kawu, ni ne.”

Alhaji ya juyo da dukan jikinsa.

“Kai ne me?”

“Ni na juya su. Da ba haka suke ba.”

“Ka juya su gabas?”

“Na ɗauka... da suna kallon gabas. Na ɗauka ina kawar da su ne.”

“Da suna kallon gabas, ka juya su, suka koma gabas.”

“A'a. Da kudu ne. Amma a kwamfuta gabas ne. Wato ba gabas ba ne, dama ne.”

Ya ji abin da ya faɗa, shi ma bai gane ba. Arɗo Sali ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji Wada ya daɗe yana kallonsa.

“Ka taɓa zuwa filin?”

“A'a.”

“Ɗan mahauci,” in ji shi a hankali. “Gidanku kullum asuba ana kwantar da sa a fuskantar da shi alƙibla. A ce kai ne ba ka san gabas ba.” Ya tattara babbar rigarsa ya miƙe. “Madam, ki yafe mini. Na yi miki faɗa a kan kayana. Useko.”

Ya fita bai sake duban bango ba. Arɗo Sali ya bi shi, a ƙofa ya tsaya ya dafa kafaɗar Muhaimin, kamar zai ce wani abu, dariya ta hana shi.

Madam ta kira shi ciki. Ba ta ce ya zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

“Yaushe ka juya su?”

Ya faɗa mata.

“Ka ga abu, ka ɗauka ba daidai ba ne. Bon. Wannan ba laifi ba ne, ni ma ban koya muku arewa biyu ba. Amma ina nan, Maxime yana bayanka. Me ya hana ka magana?”

Ya kalli ƙafar tebur.

“Ina tambayar ka.”

“Maganar ban-ɗaki ce, Madam.”

“To?”

“Ke babba ce.”

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta dube shi kamar ya yi mata wani yare.

“Muhaimin. Da masan mutanen Garwa na sa 'ya'yana a makaranta. Shi ne aikina. Safe da yamma maganarsa nake yi da ministoci da birkiloli.” Ta numfasa. “Na ga bututunka. Maxime ya nuna mini jiya, na ce yaron nan yana da hannu. Har na fara tunani. Amma maket na kowa ne. Ka shiga ka taɓa abin da ba a ba ka ba, ka rufe, ka yi kwanaki kana zaune da mu ba ka ce uffan ba. Yau masai ne, an gani a talabijin. Gobe fa? Ban san abin da za ka ji kunyarsa gobe ba. Kai ka sani?”

Bai sani ba.

“Zan riƙe Nadine.”

“To, Madam.”

“Ba sai ka jira ƙarshen wata ba, in ba ka so.”

“Zan mayar da su yadda suke kafin in tafi.”

“Maxime ya riga ya fara.”

Da ya fito, gaskiya ne. Maxime ya ɗauko masan daga tsohuwar ajiya ya dasa su a inda suke da. Bututun da Muhaimin ya sha wahala a kansu suna nan ƙarƙashin bene, bakinsu a buɗe, ba su haɗu da komai ba. Nadine ta ja kujera kusa da Maxime. Ita za ta ja sababbi.

“Grand, in na goge wannan, wancan zai bi shi?” take tambaya. Da ta ga Muhaimin ta mayar da ido kan kwamfuta.

Ya ɗauki hularsa da cajar wayarsa. Maxime ya biyo shi har matakala.

“Da ka bar ni da shi, petit. Na riga na ɗauka.”

“Na gani.”

“Gangarenka daidai ne fa. Duka. Na duba.”

“Ba inda suke zuwa.”

Maxime ya ce ya riƙa leƙo su. Muhaimin ya ce to.

A waje rana ta karkata, kwalta na huci. Motar kawunsa ba ta nan. Ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya yana jiran mashin. A nan, da ƙafarsa a ƙasa, ko an ɗaure masa ido zai nuna gabas. Ya gwada ɗora ginin a kan titin da ke gabansa, ƙofa kudu, ya sake juya masan a ransa. Ya ɓace a tsakiya. Ya bari.

Ya isa gida la'asar ba ta yi ba. Yaya Tanimu yana zaune a benci a ƙofar gida yana wasa wuƙaƙe a kan dutse, butar ruwa a gefensa. Ya ɗago ya dubi Muhaimin, ya dubi inuwar bango, ya sake dubansa. Bai ce injiniya ba. Ya matsa ya bar masa wuri a bencin.

Muhaimin ya zauna. Ƙarar dutse ta ci gaba.

“Kana da tsohon wando?” in ji Tanimu.

“Akwai.”

“Ka ajiye shi kusa. Ana kiran farko muke fita.”